Makulli na Arba'in da Biyu

Kafin ka ga Firinsifal za ka ji ta. Makullai arba'in da ɗaya take yawo da su a wani zoben ƙarfe mai faɗin bakin kwano, ta rataye shi da igiya a kafaɗar hagu. In ta taso daga ƙarshen baranda, ɗan aji uku da ke bacci a layin baya ma sai ya gyara zama. Ɗalibai ne suka sa mata Kacau-kacau, malamai suka karɓa da hannu biyu, har sunan ya kai ofishin ilimi. Can ma da shi ake kiranta in ba ta nan. In tana nan kuwa sai a ce, "Ga jarumarmu nan."

Ajujuwa sha takwas, makulli sha takwas. Banɗaki shida, sito uku, ƙofar zauren taro biyu, get biyu. Sai ɗakin gwaje-gwaje, da na kwamfuta, da laburare, da ɗakin malamai, da ofishinta, da ofishin Mataimaki, wanda kullum sai ya tsaya a bakin ƙofarsa kamar mai neman aiki har ta zo ta buɗe masa. Sai tankin ruwa, da ɗakin janareta, da kabad ɗin alli. Arba'in ke nan. Na arba'in da ɗayan wani ƙaton makulli ne mai tsatsa da ta gada daga firinsifal ɗin da ya gabace ta, shi ma gadonsa ya yi. An gwada shi a kowace ƙofa, bai buɗe ko ɗaya ba. Ba ta yar da shi ba. Ta ce wa ya sani.

Ita ce 'yar fari a cikin tara. Tun ba ta kai tsawon teburi ba mahaifiyarta ta rataya mata makullin kabad ɗin abinci a wuya, ta ce ita ce mai hankalin gidan. Ƙanne takwas suka tashi suna jin haushinta, ita kuma ta tashi tana ganin jin haushin nan shi ne shaidar ta iya aiki. Ta yi karatu, ta koyar da lissafi har furfura ta fara leƙo mata, sannan aka ba ta makaranta.

A shekararta ta farko ta yi abin da kowane mai hankali zai yi, ta ba wani malami makullin ɗakin kwamfuta ranar Juma'a. Ranar Litinin kwamfuta huɗu sun yi ƙafa. Ba a kira malamin ba. Ita Daraktan ofishin ilimi ya miƙar tsaye a gaban dukan firinsifal ɗin yankin, ya nuna ta da biro.

"Kujera taki ce, makulli naki ne, ɓarna taki ce. Kin ji ko in maimaita?"

Ta ji. Ta ji fiye da yadda ya so ma. Washegari ta bi ƙofa-ƙofa ta tattaro makullai, ta kai wa mai walda ya zuba su a zobe ya liƙe bakinsa, yadda ko ita kanta ba za ta iya zare ɗaya ba in zuciyarta ta yi laushi. Daga ranar hannunta ya koyi wata ɗabi'a: duk ƙofar da ta shiga sai ta murɗa makulli a bayanta, ba tare da kanta ya san an yi ba. A gida sau biyu tana kulle mijinta a banɗaki.

To ka ga yadda makaranta ke tafiya. Malami mai furfura a gemu ya tsaya yana musanya ƙafa, yana jiran Firinsifal ta gama da iyayen wani yaro ta zo ta buɗe masa banɗaki. Alli ya ƙare a aji biyu, sai Firinsifal. Famfo ya tsaya, sai Firinsifal. Waya biyu gare ta, iyayen gida huɗu: ofishin ilimi, hukumar jarrabawa, ƙungiyar iyaye da kwamitin makaranta, kowannensu kuma ya ɗauka shi kaɗai Allah ya ba ta. Ita ce alƙali in an yi faɗa, ita ce nas in an yi targaɗe, ita ce mai gadi in mai gadi ya tafi biki. A tsaye take cin abinci. Kujerar ofishinta kuwa fayiloli ne suka gaje ta, sun yi tsiri har sun wuce majingina.

Kada ka ji tausayinta da yawa tukuna. Tana so. In Darakta ya ce "jaruma" a taro, sai ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali daɗin kalmar na ratsa ta har tafin ƙafa. Mataimaki ma kada ka ji tausayinsa. Da farko ya yi ta roƙo, daga baya ya gano daɗin zama babu makulli. Makullin babur ɗinsa kawai yake da shi, da jarida, da amsa guda wadda ta isar masa a kowace matsala: "Sai Firinsifal ta zo."

Mijinta mai gyaran kushin ne. Rabin unguwar a kan aikin hannunsa suke zama, matarsa ce kaɗai ba ta taɓa ɗumama masa kujera ba. Shi ya fara lura. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na hagu, ta tsaya tana kallon hannun kamar na aro.

"Malama, wannan na uku ke nan a satin nan."

"Kofunan ne santsi gare su, Baban Auta."

"Har da cokalin jiya? Shi ma santsi? Ɗauko mayafinki."

Likita ya gwada jininta, ya dube ta, ya aika aka kawo wata na'urar ya sake gwadawa.

"Da ƙafarki kika shigo nan?"

"Da me zan shigo?"

"To ki ji da kyau. Sati biyu a kwance, ga magani. Ba waya, ba makaranta. In ba haka ba wannan hannun somin-taɓi ne, ɓarin jikin gaba ɗaya zai tafi, kuma ba ya sallama in zai tafi."

Ta yi lissafi a ranta. "Likita, ba za a iya ɗaga shi zuwa bayan jarrabawa ba?"

Likita ya dubi Baban Auta. Baban Auta ya dubi silin.

A satin ne ofishin ilimi ya tuna cewa firinsifal ma mutum ne. Ba haka kawai ba: ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a taron safe gaban ɗalibai, ɗaya tana kwance a asibiti, ɗaya kuma ya ajiye aikin ya koma kiwon kaji, aka gan shi a kasuwa ya yi kumatu, abin da ya fi komai ɓata wa ofishin rai. Sai aka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya haifi Shirin Kula da Walwalar Shugabannin Makarantu.

Ba a rage wa kowa rahoto ko ɗaya ba. Ba a ƙara malami ba, ba a ce a daina kiran waya ranar hutu ba. Abin da aka ce shi ne kowace makaranta ta tanadi Ɗakin Hutun Shugaba: fenti shuɗi, doguwar kujera, labule, tukunyar fure, da kwando a bakin ƙofa inda shugaba zai ajiye wayoyinsa kafin ya shiga. Za a ƙaddamar da shirin ranar Asabar, don kada hutu ya ci lokacin aiki. A ina? Darakta da kansa ya kira ta.

"Makarantarki muka zaɓa, don mun san ba za ki ba mu kunya ba. Kuma kada kowa ya zauna a ɗakin nan sai na yanke ƙyalle. Jaruma!"

Maganin likita na jakarta, ta ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ta kwashe ƙaramin sito da kanta. Ta tsaya a kan mai fenti. Ta zaɓi ƙofar ƙarfe, ta sa aka matse ƙarafan taga yadda hannun ɓarawo ba zai shiga ba, ko da yake ba ta faɗi abin da ɓarawo zai sata a ɗakin hutu ba. Ta koma wurin mai walda ya buɗe zobe, ya saka makulli na arba'in da biyu, ya sake liƙewa.

Mataimaki ya leƙo, don a ce ya leƙo. "Ranki ya daɗe, ko na zauren taro za ki ba ni in jera kujeru?"

"Na ce maka hannuna ya karye ne?"

"A'a, Allah ya kiyaye." Ya koma wa jaridarsa da sauri kafin ta canza shawara.

Doguwar kujerar Baban Auta ne ya yi ta. Ya ninka soso, ya sa yadi mai laushi, ya auna tsawon da tsawon matarsa ba tare da ya gaya mata ba. Da ya kawo, ya sa aka ajiye ta ƙarƙashin taga.

"Gwada ta mana, Malama. Minti ɗaya."

"An hana."

"Wa ya hana?"

"Ofis."

"Ofis ya hana ki hutawa a ɗakin hutu?"

"Sai an ƙaddamar."

"To Allah ya sa ke ma kada a ƙaddamar da ke."

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa. Ta buɗe babban get ta bar shi a buɗe saboda baƙi. Zauren taro tun jiya ta jera shi, kujeru da ruwan sha da lasifika, ta kulle. Ƙyalle da almakashi suna jakarta. Sai ta ce bari ta yi wa ɗakin hutu duban ƙarshe. Da yake ita mai bin doka ce, ta zuba wayoyinta biyu a kwando, ta shiga, hannunta ya murɗa makulli a bayanta.

Ta ga wani ɗan lanƙwasa a yadin kujerar. Ta sunkuya ta gyara, sai ɗakin ya juya, shuɗin bango ya koma silin. Ta dafa kujera. Ta ce bari ta ɗosana kaɗan, ba zama ba, ɗosanawa, ai ba a hana ɗosanawa ba. Soson Baban Auta ya karɓe ta kamar ya daɗe yana jiranta. Ta ɗora zobe a cinya ta fara ƙirga makullai, abin da takan yi in tana son hankalinta ya dawo. Ta kai na sha tara.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ta labari, kuma kowa da irin gishirin da ya sa. Darakta ya iso da mota uku da mai hoto. Tare da shi akwai wata Ƙwararriya da aka ɗauko daga nesa, da kwamfutarta da darasi mai shafi sittin da huɗu a kan yadda ake hutawa. Firinsifal talatin suka zo cikin kayan fita kunya, kowanne ya bar aikin gidansa na sati guda a jibge. Zaure a kulle. Banɗaki a kulle. Ruwa na cikin zaure. Aka tambayi Mataimaki, ya ce, "Sai Firinsifal ta zo."

Rana ta ɗaga. Firinsifal ɗin nan suka tsaya, suka gaji, suka zauna a matakalar baranda. Wani ya cire takalmi. Wata ta jingina da ginshiƙi, ba a jima ba bakinta ya buɗe. Wasu biyu da suka shekara suna gaisawa ta waya kawai suka fara hirar ciwon baya suna dariya. In ka bi gaskiya, wannan zaman shi ne abu ɗaya tak da shirin ya taɓa yi musu, shi ma ba da gangan ba.

Darakta ya yi ta kiran lambarta, ya kira wannan ya kira waccan, har wani ya ce ai ga ƙarar can tana tashi daga kwando.

Bugun ƙofar ƙarfe ne ya tashe ta. Ta buɗe ido ta ga labule, ta ga fure, ta daɗe ba ta san inda take ba, abin ya yi mata daɗi. Sai muryar Darakta ta shigo ta taga.

"Firinsifal! Kina ciki? Bacci kike? A kan kujerar shiri? Kin san abin da kika yi kuwa? Kin yi amfani da ɗakin hutu ba a ƙaddamar ba!"

Ƙwararriya ta leƙa ta gefen labule, ta girgiza kai. "Kuma ba haka ake yi ba. Sai an fara da motsa numfashi. Wannan ba hutu ba ne, bacci ne kawai."

"Ranka ya daɗe, gani nan," in ji Kacau-kacau. Ta yunƙura.

Ƙafar dama ta sauka. Ta hagu ba ta ji kira ba. Ta sake yunƙurawa, hannun hagu ya zame daga cinyarta ya rataya kamar rigar da aka shanya. Ƙofa ga ta can, taku kaɗan, amma sai ta ga kamar wani gari ne. Tsoro ya kama ta, irin wanda ko ranar kwamfutoci ba ta ji ba.

"Baban Auta," ta ce, muryar ba tata ba. "Yana nan?"

Yana nan. Ya zo ganin yadda za a ƙaddamar da kujerarsa, da jakar kayan aikinsa a bayan babur kamar kullum. Ya ture Ƙwararriya da kwamfutarta ya manna fuska a taga. Kallo ɗaya ya yi mata.

"A ɓalle ƙofar nan!"

"Kai waye?" in ji Darakta. "Ƙofar shiri ce! Ko hoto ba a ɗauka ba."

Baban Auta bai ko waiwaye shi ba. Ya daki ƙofar da kafaɗa, ƙofar da matarsa ta zaɓa da kanta, ba ta ko motsa ba. Ya dawo taga. "Miƙo makullin."

Ta ɗaga zoben da hannun dama. Dunƙulen ya fi ƙarfin tsakanin ƙarafan, ƙarafan da ita ta sa aka matse. Zare ɗaya kuma ba hali, mai walda ya yi aikinsa tsakani da Allah. Duk abin da ta gina don kada a sata, yau ya taru ya tsare ta.

Ya ɗauko filaya. "Matso da shi jikin ƙarfen."

Ta matso, sannan ta janye. Ko a wannan hali sai da ta janye.

"Ka yanke daidai wurin na ɗakin nan kawai."

"Zobe ne, Malama. In an yanke an yanke."

"To sauran fa?"

"Sauran su ci gidansu! Hannunki nake kallo, ke kina kallon ƙarfe? Matso da shi, don Allah."

Ta dubi hannun da ke rataye. Ta matsar da zoben. Filaya ta ciza sau biyu, a na uku ƙarfen ya ce ƙas, makullai suka zubo mata a cinya. Ta laluba ta tura masa na arba'in da biyu.

Shi da Mataimaki suka fito da ita, ta tattare sauran makullan a mayafi ta ƙanƙame da hannu ɗaya. Firinsifal talatin suka miƙe tsaye, wasu ba takalmi, kowanne yana kallon kansa a jikinta. Darakta ya sha gabansu, ya sassauta murya saboda mai hoto.

"Sannu, sannu. Ai gajiya ce. Ki daure ki buɗe mana zaure, ki yi jawabin maraba, minti biyar, sai ki wuce asibiti. Mun san ki. Ke jaruma ce."

Ta saurari kalmar tana jiran daɗin nan da yakan ratsa ta har tafin ƙafa. Bai zo ba. Tafin ƙafar ma ɗaya ba ya jin komai.

Sai ta saki bakin mayafin. Makullai suka watse a simintin baranda, wasu suka gangara ƙasan matakala, wani ya faɗa kwandon waya.

"Mataimaki."

"Ranki ya daɗe?"

"Firinsifal ta zo. Ga su nan. Kowane malami ya ɗauki na ajinsa, saura naka ne."

"Ni? Duka? Ranki ya daɗe, in wani abu ya ɓace fa?"

"Sai a miƙar da kai tsaye a gaban taro. Ba a mutuwa, na gwada."

Guda ɗaya ya maƙale a zaren mayafin, ƙaton nan mai tsatsa. Ta ciro shi ta miƙa wa Darakta, shi kuma ya karɓa, don ya saba karɓar abin da aka miƙo masa a taro.

"Wannan na ina ne?"

"Ba ya buɗe komai, ranka ya daɗe. Nauyi ne da shi kawai. Ka riƙe mana."

Wani firinsifal a baya ya yi tari mai kama da dariya.

Likita ya ce ta tsallake da ƙyar, saura ƙiris. Sati biyun ya zama shida. Ƙafar ta dawo, hannun ya dawo, ban da ɗan ƙaramin yatsa da ya ƙi lanƙwasuwa har yau, in tana shan shayi yana miƙe kamar yana nuna wani. An yi ƙaddamarwar bayan tafiyarta, an zaro ƙyalle daga jakar da ta bari an yanke, Ƙwararriya ta karanta shafukanta sittin da huɗu. Rahoton ofis ya ce shirin ya yi nasara ƙwarai, har an samu shugabar da ta ci moriyarsa tun ranar farko. A ambulan ɗaya da rahoton aka haɗo takardar tuhuma, ana neman ta bayyana dalilin da ya sa ta huta ba izini.

A sati shidan nan abin da ya ɓace a makarantar bokiti ɗaya ne da kwalin alli biyu. Mataimaki ya rame, jaridarsa ta yi ƙura, an ce har ya san inda ake kunna janareta.

Ranar da ta dawo babu wanda ya ji tahowarta. Ta kama 'yan makara goma sha ɗaya a bayan laburare, suna ta rantsuwa wannan ba adalci ba ne. Ta tarar da ofishinta a buɗe, Mataimaki na tsaye da wata roba cike da makullai, ya bi aji-aji ya tattaro su tun da safe.

"Barka da dawowa, ranki ya daɗe. Ga amanarki. Na ma yi magana da mai walda, ya ce yana nan har yamma."

Ta dubi robar. Hannunta na dama ya ɗan motsa da kansa, ta mayar da shi cikin mayafi. Ta zagaya bayan teburi, ta kwashe fayilolin da ke kan kujera, ta jibge masa su a kan robar har suka kai masa haɓa. Ta kaɗe ƙura, ta zauna. Kujerar ta yi ƙara, ba ta saba ba.

"Mayar wa kowa nasa," ta ce. "In ka dawo ka kira mini Baban Auta. Soson kujerar nan ya mutu."